Audugar Likkafanin Iya

Ni makitsiya ce tun ina budurwa, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san hannu ke yin aiki amma baki ke riƙe masu zuwa. A shekarun da nake magana a kai, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, da wuya a sami gida daga Ƙofar Galadima zuwa bayan kasuwa da ban taɓa shimfiɗa tabarma a tsakarsa ba. Namiji komai girman rawaninsa a zaure yake tsayawa ya yi sallama, ni kuwa sai in ratsa shi in wuce da 'yar jakata ta matsefi da man shanu da shuni. Na san gidan da ake tuƙa tuwo sau biyu, na san wanda ake hura wuta don idon maƙwabta kawai.

Maigidana manomi ne. Gonarsa tana cikin ganuwa, ta wajen da ake hango dutsen Kufena, don a lokacin birni bai cika ba, fili ya fi gidaje yawa. Dawa yake shukawa a rabi mu ci, auduga a rabi mu yi sutura da sauran lalura. Mu huɗu ne a gidan: ni da shi, da 'yarmu da ke goye, da mahaifiyarsa, wadda kowa a unguwa ke kira Iya.

Shekara biyu a jere tsutsa ta cinye mana auduga. Wanda bai yi noma ba ba zai gane zafin abin ba, don gonar ba ta nuna komai. Ganye kore shar, fure ya fito, ƙwallo ya ɗauru har reshe na sunkuyawa, masu wucewa na cewa bana kam an dace. Sai lokacin buɗewa ya zo, ka fasa ƙwallo ka tarar da ruɓaɓɓen abu baƙi-baƙi, da wata 'yar tsutsa jaja-jaja kamar dasashin jariri tana nannaɗe a ciki ta ƙoshi. Abin da ya ɗan buɗe ma ya yi dauɗa, a fuloti, inda ake awon auduga a saya, ko kallon kirki ba a yi masa.

Ranar da ya dawo daga fuloti a shekara ta biyu, bai ci tuwo ba. Ya zauna bakin ƙofar ɗaki yana murza buhun da ya kai audugar, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Zan sake shukawa sau ɗaya. In bana ma haka ne, zan bi ɗan jirgin ƙasan nan zuwa kuza."

"Kuza?"

"Kin ji ni. Kuma kada Iya ta ji."

Yayansa, ɗan farin Iya, an ɗebe shi zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos lokacin yaƙi, aka saki mutane suka dawo, shi bai dawo ba. Babu wanda ya ga gawarsa, babu wanda ya zo ya ce ga inda aka rufe shi. Wasu suka ce sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, wasu suka ce rami ne ya rufta. Iya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Maigidana kuwa ko ruwan sama ya ɗan taɓa shi sai ya kwana uku yana tari. Na san in ya tafi na ga ƙeyarsa ke nan, kuma na san ba ya magana biyu. Da ma mai faɗa ne da na ji sauƙi, amma irin mutanen nan ne masu shiru, waɗanda in sun ce za su yi to sun riga sun yi.

Da aka gama ɗiban auduga, sankira ya zaga gari da shela kamar yadda ya yi bara: kowa ya tumɓuke itacen audugarsa ya tara ya ƙone, kada a bar ko tsinke a gona kafin damina. Maza suka yi, don akwai 'yan doka. Amma suna yi suna gunaguni, tunda bara ma sun ƙona, tsutsar kuma ta dawo kamar an aika mata goron gayyata.

Wata rana da hantsi mai unguwa ya kawo malamin gona zaurenmu, aka tara manoman layin. Saurayi ne siriri mai kaki da keke, ɗan birni ne kuma, an san gidansu. Na kai ruwa na ajiye a bakin ƙofa, na ƙi komawa ciki, na laɓe a bayan katanga. Ba na jin kunyar faɗa, laɓe rabin sana'ata ne.

Ya yi musu bayani a hankali. Ya ce tsutsar nan ba ta da abinci sai auduga. In aka ƙone itace gaba ɗaya, ta yi watannin rani da bazara ba ta sami abin ci ba, yawancinta zai mutu kafin sabuwar shuka ta yi fure. Wani dattijo ya ce to ai sun ƙona, me ya hana ta mutu?

"Baba, kun ƙona na gona," in ji malamin. "Na cikin gida fa? Ni ɗan garin nan ne, na san kusan kowane gida akwai tsohuwar auduga a bayan ɗaki, tana shan ruwan wanke-wanke, tana fure rani da damina. Nan tsutsan ke cin rani. Damina na faɗuwa ta zama malam-buɗe-littafi ƙarami ta tashi ta koma gona. Ni ba ni da ikon shiga gidan kowa. Ku ne za ku taimaka."

Aka fashe da dariya a zauren, wani daga cikin manoman ya ce:

"Malam, audugan tsofaffi kake nufi? Je ka faɗa ma kakarka tukuna, in ka fito da kunnuwanka biyu ka zo ka faɗa mana."

Shi ma malamin dariyar ya yi, ta dole, na ji muryarsa ta yi sanyi. Ya ce ya faɗa mata, ta bi shi da muciya.

Ni ban yi dariya ba. Na juya na nufi bayan ɗakin Iya, inda tata take, kusa da magudanar ruwa. Ta fi ni tsawo, gindinta ya yi kauri kamar hannun taɓarya, tun kafin a kawo ni gidan take nan. Na tsinki ƙwallo ɗaya na fasa da farce. Tana ciki. Na fasa na biyu, tana ciki. Na tsaya riƙe da abin a tafin hannuna. Ashe ɓarawon da muke nema a gona tare muke kwana da shi, mu ne ma ke ba shi ruwa safe da yamma.

Sai in faɗi abin da audugar nan take, don 'yan yanzu ba su sani ba. Ba don kasuwa ake ajiye ta ba. Mace in ta fara manyanta sai ta shuka 'yan ƙwayoyi na irin kaka da kakanni a bayan ɗakinta, irin da ba ya mutuwa da rani. Abin da ta tsinka kaɗan-kaɗan ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zare da hannunta, ta tara shekara da shekaru, ta ba masaƙi ya saƙa mata fari. Shi ne likkafaninta. Tsofaffinmu sun ce audugar ba ta taɓa hawa sikeli ba, ba a yi ciniki a kanta ba, babu haƙƙin kowa a ciki, da ita ya kamata mutum ya je gaban Ubangijinsa. In ka ce wa tsohuwa ta sare ta, kamar ka ce mata ta tafi kabari da rigar aro ne.

Na gane maza ba za su taɓa ba, malami ba zai shiga ba, sankira kuwa a bakin hanya yake ihunsa, majigin da aka ce ana nunawa a dandali ma ba matan aure ke zuwa ba. Saura wa? Da ɗan gari akan ci gari. Na nemi izinin maigida, ya ce in yi abin da na ga zan iya, amma ban da Iya.

Dabarata ɗaya ce. Ba na buɗe baki sai na tsefe kai, na tsaga, na kitse rabi. A lokacin mace ba ta da inda za ta, kanta na tsakanin gwiwoyina, rabi kitso rabi tsefe kamar mahaukaciya, ko ƙofar ɗaki ba ta so a gan ta. Sai in ciro ƙwallon da na ƙunso a ganye, in fasa shi a gaban hancinta.

"Kin san wannan?"

"A'uzubillahi! Meye haka kike kawo mini kan cinya?"

"Daga bayan ɗakinku na tsinko yanzu da na je kama ruwa. Ita ce ta cinye gonan maigidanki bara, shi ya sa ba ki ga zanen sallah ba."

Daga nan sai in kwashe bayanin malamin gona in juye mata, in ƙara gishiri inda ya yi lami. Matasa suna saurin ganewa, musamman matan manoma, waɗanda suka ji a jikinsu. Wata a layin masaƙa tun kafin in ƙarasa mata kitson doka ta aika aka tumɓuke wadda uwar mijinta ta mutu ta bari. Amma inda tsohuwa ke da rai, nan ake yin ta. Wata ta ce mini tsutsa halittar Allah ce, da rabonta take ci. Na ce ɓera ma halittar Allah ne, me ya sa take rufe tukunyar daddawarta? Ta kira ni mara kunya, ta ce kada in ƙara taka gidan.

Gidajen malamai da ma'aikata sun fi ba ni wuya, don su ba su da gona, ba abin da ya ci musu. Matar wani magatakarda ta ce mini cikin yanga ita ba ta ga abin da ya haɗa itacen bayan ɗakinta da gonar da ke can gindin ganuwa ba. Na ce abin yana da fiffike, ba ya neman izini a zaure. Ta ce in ƙarasa mata kai in tafi. Na tsame hannuna na ce sai ta yi alkawari. Muka zauna haka, tana ta huci, har aka kira azahar. Ta yi alkawarin, ta kuma cika, amma ba ta sake kirana kitso ba har ta bar duniya.

Kafin a yi nisa suna ya bi ni. In na wuce sai in ji ana cewa ga malamar gona nan, saura keke. Masu kirana suka ragu, wasu in sun ji sallamata sai su ce ba sa nan, da bakinsu. Ban damu ba. Kullum da yamma ina ganin maigida yana zaune yana ɗinke tsohon taikinsa na fata, yana gyara takalmin da bai sa ba tun aurenmu. Duk ɗinkin da ya yi a ƙirjina nake jin shi. Hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas, zafi ya tsananta, kowa na cewa ruwa ya kusa. Malamin ya ce in ba a bar tsutsar da yunwa na wani lokaci kafin shuka ba, aikin banza ne.

Wadda ta kashe mini baki wata tsohuwa ce mai koko, ƙawar Iya tun suna 'yan mata. Ta bar ni na gama surutuna tsaf, ta tofar da goronta, ta ce:

"Wanzami ba ya son jarfa. Ke 'yar nan, na gidanku fa? Ai duk unguwan nan babu mai girman na uwar mijinki. Ranar da na ga hayaƙin nata, ni ma in kawo nawa. Kafin nan ki rabu da mu."

Ashe maganar da ke bakin duk tsofaffin ke nan. Sun haɗa kai sun zuba ido su ga yadda zan yi da tawa surukar.

Iya ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni a karkace. 'Yar ƙarama ce, mai kaifin ido, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ita ta yi mini wankan jego da hannunta. Kullum bayan la'asar tana bakin ƙofarta da taskira da mazari da alli, tana kaɗi. Farin da aka saƙa mata yana cikin wata tukunya a ƙarƙashin gadonta, an sa masa ganyen da ke korar asu. Takan ciro shi lokaci-lokaci ta shanya, ta auna da kamu. Masaƙi ya ce mata zane da riga da babban mayafi sun samu, saura na rufe kai. Tsinkar shekara guda za ta cike shi.

Ranar wata Juma'a na zauna yi mata kitso. Gashin ya yi fari, ya ƙare, 'yan layuka kaɗan ne, amma ba ta yarda ta wuce mako biyu ba a gyara ba. Na yi mata yadda nake yi wa kowa, na kai rabi, na fasa ƙwallon. Ta dube shi ba ta ko motsa ba.

"Na daɗe da sanin tana ciki," ta ce. "Tana cin nata, tana bar mini nawa. Na ji yawon da kike yi a gari. Ban hana ki ba. Amma wannan ki bar shi, shekara ɗaya ya rage mini. In na cike, ki sare da hannunki."

"Iya, shekara ɗayan ce ba mu da ita."

"Ku yara kullum sauri. Gona ta ƙi bana, ta yi baɗi. Haka muka gani."

Na roƙe ta. Na ce zan ba ta audugar gona mafi kyau, wadda zan tsinka da hannuna kafin a kai sikeli. Ta ce irin Bature ne, kuma da gumin ɗanta da na 'yan ƙodago a ciki. Na ce duk tsofaffin unguwa ita suke jira. Ta ce su yi ta jira. Na ƙarasa kitson a gaggauce, har na ja mata gashi ta ce wash.

Da maigida ya ji, ya kira ni ɗaki. A zamanmu bai taɓa yi mini magana da irin wannan murya ba.

"Na ce miki ban da ita. Uwata ce. Abu ɗaya ta roƙa a duniyan nan, abin da za a rufe ta da shi. In tafi kuza sau goma ya fi mini sauƙi da in hana ta."

"In ka tafi wa zai rufe ta?"

Ya tashi ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. In na dubi 'yata sai in ga marainiya. In na dubi itacen nan yana fure abinsa, rawaya-rawaya, sai in ji kamar in zuba masa tafasasshen ruwa a gindi kowa ya huta. Na yi tunanin haka, ba sau ɗaya ba. Abin da ya hana ni, ko ya mutu a ɓoye tsofaffin can ba za su taɓa nasu ba, hayaƙi suke son gani da yardar mai shi. Ga umarnin miji a gefe, ya ce kada ta ji zancen tafiya. Na auna, na ga in na yi shiru na rasa shi da ladabina, in na faɗa ko ya yi fushi yana nan ina ganinsa. Na zaɓi fushin, kuma ko yau aka mayar da ni haka zan yi.

Na same ta da safe bayan ya tafi sharar gona. Ban zauna ba, ban yi kwana-kwana ba.

"Iya, kin ga taikin da yake ɗinki? Ba na kasuwa ba ne. Ya ce in audugan bana ta lalace zai tafi inda wancan ya tafi. Ya hana ni faɗa miki."

Mazarin da ke juyawa ya kwanta a ƙasa. Ba ta ɗauke shi ba. Ta daɗe tana kallon zaren da ya tsinke a yatsunta, har na fara tsoron ko wani abu ya same ta.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"To." Ta kaɗe alli daga hannunta. "Je ki ɗora ruwa."

Shi ke nan abin da ta ce. Yinin ranar ba ta yi kaɗi ba, ba ta ci abinci ba, ba ta kuma ce wa ɗanta komai ba da ya dawo. Na ce a raina na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Washegari da hantsi na ji tana aika yaran maƙwabta. Kafin rana ta take, tsofaffin unguwa sun cika tsakar gidanmu, mai koko a gaba, kowace da mayafinta, suna tambayar ko lafiya. Iya ta fito da fartanya a hannu. Ta zagaya itacen ta tsince 'yan farare da suka buɗe, ko cikin tafi ba su yi ba, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta juyo ta dube su.

"Ni na haifi biyu," ta ce. "Ɗaya ban san da me aka rufe shi ba, ban san wa ya rufe shi ba. Na yi shekaru ina tara abin da za a naɗe ni, ban taɓa tambayar kaina wa zai ɗauke ni ba. Ku gafarce ni, ni dai na fasa."

Ta ɗaga fartanya ta sara. Ƙarfinta bai kai ba, ko ɓawo ba ta cire ba. Ta sake, ta sake, numfashinta na fita da ƙyar, babu wadda ta yi ƙarfin halin karɓa. Can ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Karɓi, malamar gona. Ai aikinki ne."

Saiwar ta yi nisa ƙwarai, sai da na haƙa har gwiwa. Ina haƙa ina kuka, majina da gumi sun haɗu, ban san ko na murna ba ne ko na baƙin ciki. Muka ja shi tsakar gida, Iya ta ɗebo garwashi da kanta. Ɗanyen itace ne, hayaƙi ya yi ta tashi fari, ya wuce katanga, duk unguwa aka gani. Mai koko ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kin cuce mu, ƙawata," ta fita. Kafin la'asar hayaƙi na tashi daga gidanta. A 'yan kwanakin nan sai da ya tashi daga gidaje da yawa, har da waɗanda aka kore ni. Ba duka ba, akwai waɗanda suka riƙe nasu har suka mutu.

Maigida ya dawo ya tarar da rami a bayan ɗaki da toka a tsakar gida. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya gane. Ya yi mako bai yi mini magana ba sai sallama. Taikin kuma bai sauke shi daga inda ya rataye ba, don alkawarinsa na nan: sai abin da gona ta ce.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Damina ba ta taɓa yi mini tsawo kamar wannan ba. Ganye ya yi kore, fure ya fito, ƙwallo ya ɗauru, daidai yadda ya yi shekara biyu yana yaudararmu. Ba wanda ya isa ya ce ga abin da ke ciki. In mutane sun ce bana an dace sai in ji kamar zagi. Tsofaffin da suka ƙona nasu in mun haɗu sai su ce, "To, muna dai kallo." Na san in ta lalace ba miji kaɗai zan rasa ba, ko ƙofar gida ba zan iya leƙawa ba. Iya kuwa ta kaɗe ɗan abin da ta tsinta, bai kai ko'ina ba, ta naɗe mazarinta ta ajiye. Bayan la'asar sai ta zauna hannu sake, tana kallon wurin da itacen yake.

Wajen ƙarshen damina zazzaɓi ya kama ta. Muka ce a kai ta asibitin Wusasa, ta ce ba inda za ta. Kwana kaɗan ta yi. Ranar da za ta cika ta tambaye ni ko auduga ta buɗe. Na ce saura kaɗan. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

Ni da mai koko muka yi mata wanka. Na tsefe 'yan gashin nan na kitse su gida uku yadda ake yi wa mamaciya, a hankali, ban ja ba. Aka ciro farin daga tukunya, zane da riga da mayafi suka zauna mata cif, saƙi mai kauri mai taushi, zaren hannunta. Da aka zo kai babu. Sai aka aika kasuwa aka yanko farin yadi na kanti, mai sheƙi da ƙamshin sitaci, irin wanda ta yi shekaru tana gudu. Ni na ɗaura mata shi a kan kitson da na yi. Mai koko ta kau da fuska.

Ɗanta ne ya kama gaban makara. Waɗanda suka je sun ce shi ya shiga kabarin ya karɓe ta, shi ya gyara mata kwanciya.

Ba a yi sadakar arba'in ba auduga ta fara buɗewa. Ba zan ce tsutsa ta ƙare ba, tana nan jefi-jefi, malamin gona ma da ya zo ya ce yanayin ruwan bana ya taimaka, kada a ɗora komai a kan abu ɗaya. Amma gonar ta yi fari, farin da na manta da irinsa.

Ranar da ya fara ɗiba ya shigo gida da sauri, abin da ba halinsa ba, hannuwansa biyu cike da auduga, ko buhu bai tsaya nema ba. Ya wuce ni, ya wuce ɗakinmu, ya nufi ƙofarta kai tsaye.

"Iya, kin ga..."

Ya tsaya. Ƙofar na rufe, tabarmarta na jingine a bango. Ya daɗe a tsaye da abin a hannu, bai san inda zai sa ba. Na shiga na ɗauko taskirarta na riƙe masa, ya zuba a ciki. Sannan ya je ya sauke taikin daga rataye, ya ce in ba shi wuri in riƙa zuba kayan kitsona.